Keken Ilu

Shekara tara na yi a zauren Alhaji Nomau,
can Mokoyo, ƙofa tana kallon gabas.
Ko dala bai karɓa ba da sunan haya.
Ya ce, "Ilu, rigar salla ɗaya a shekara, mun rabu."
Na ɗinka tara.
Ta goma tana rataye, saura wuya,
ran da muka kai shi makwanci.

Bayan sadakar arba'in 'ya'ya suka taru,
wani daga Yamai, wani daga Ƙwanni,
da Malam Rabe da littafinsa da jan biro.
Aka ƙirga ƙofofi, aka ƙirga jajayen awaki,
buhun hatsi goma sha ɗaya,
har tsohon rediyon da ya daina magana.
Sai suka shigo zaure.
Biro ya tsaya a kan kekena.

Na ce, nawa ne.
Babban ɗa bai ɗaga murya ba:
"Abin da ke cikin gida na mai gida ne.
In naka ne, ina takarda?"

Takarda.
An yi ta. Shuɗiya ce, da hatimin wani shago
a bakin babbar kasuwa.
Jika arba'in da biyar,
gyaɗar damina biyu da na noma a Jiratawa
kafin ƙafar dama ta ƙi ni.
Ƙarƙashin tabarma na ajiye ta.
Shekarar da ruwa ya kwana uku yana zuba
ya shigo, ya karanta ta, ya tafi da tawadar.
Mai shagon an ce yana Agadas, an ce ya rasu.
Shaidata guda kuwa,
da hannuna na zuba masa ƙasa.

A ranar na gane
mai kwana ɗakin wani har inuwarsa aro ce.
Na dubi buta, na dubi almakashi,
na ji kamar su ma za su ce ba su san ni ba.

Na ce, to, a zauna a taka shi.
Ƙaramin ɗa, wanda ya koyi ɗinki a Kano, ya zauna.
Taki uku, zare ya tsinke.
Ya sake. Allura ta ciji yadi ta ƙi saki.
Na ce a duƙa a dubi mataki:
gefen hagu ya cinye ya yi ƙyalli,
na dama yana nan da fentinsa kamar amarya.
Ƙarfe ba ya ƙarya.
Ya san gurgun da ya hau shi.

Malam ya shafa gemu:
"Wannan ya nuna mai taki, bai nuna mai saye ba."

Na zauna duk da haka.
Na ba shi ƙafar da ya sani, ya ɗau kukansa.
Sai ga murya daga bayan katanga,
Iya Tsahara, yayar marigayi,
wadda idonta ya rufe tun ban zo ba:
"Wanga kuka na san shi!
Kullum bayan azahar Nomau na ƙunƙuni,
keken Ilu ya hana ni barci, keken Ilu ya hana ni barci.
Kun taɓa jin mutum ya kira abinsa da sunan wani?"

Shiru.
Jan biro ya ja layi.

Da magariba na ɗora shi a amalanke.
Yanzu ina Zariya, ɗakin haya, resi cikin gwangwani,
sunana da farin fenti a gindin komai,
har buta.
Ina jin kunya in baƙo ya juya ta.

Rigar ta goma ba wanda ya ƙirga.
Yadin nasa, zaren nawa.
Na gama wuyan jiya.
Ban san wanda zan tambaya takarda ba.